Siffar Gicciye a Ginin Majami'un Kirista

Wanda ya shiga ɗaya daga cikin manyan majami'un Turai ba lalle ne ya lura da siffar da aka kafa ginin a kanta ba. Sai ya ga zanen harsashin a takarda, sa'an nan zai gane ashe cikin gicciye yake tafiya. Abin da masana tarihin gini suka daɗe suna muhawara a kai shi ne, shin aƙida ce ta haifi wannan siffa, ko kuwa bukatar aiki?

Kafin shekarar 313, lokacin da Sarkin Rum Kustantin ya sakar wa Kiristoci mara, galibi a gidaje suke taruwa. Da suka sami sarari sai suka ari siffar basilika, watau doguwar rumfar da Rumawa ke shari'a da ciniki a ciki, wadda ba ta da hannuwa ko kaɗan. A tsohuwar majami'ar Bitrus ta birnin Rum aka gitta wani zaure a ƙuryar rumfar, domin masu ziyarar kabarin su sami wurin taruwa. Nan kam bukata ce ta ja gaba. Amma wajen 382, Amburos, bishop na Milan, ya gina majami'ar Manzanni da hannuwa huɗu, ya kuma sa aka rubuta a jikinta cewa da gangan aka yi ta kamar gicciye. A ganina, tun daga nan ba a ƙara iya raba dalilan biyu ba.

Siffar ta kasu kashi biyu. Akwai ta Latin, mai doguwar ƙafa guda, wadda Yammacin Turai ya fi so domin tana ɗaukar jama'a da jerin gwano zuwa bagadi. Akwai kuma ta Girka, mai hannuwa huɗu daidai wa daida, irin ta majami'ar Markus a Benis, wadda aka soma a 1063, mai ƙubba biyar.

Wuyar aikin duka tana mahaɗar hannuwan, inda ake ɗora ƙubba ko hasumiya a kan ginshiƙai huɗu. Nauyin da ke bisa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana kuma tura ginshiƙan waje, hannuwan nan huɗu kuwa su ne ke tokare su ta kowace fuska. Mutanen Bobe a Faransa sun ga sakamakon rashin ɗaya. Sun ɗora hasumiya mai tsawon mita 153 alhali ba su gina doguwar ƙafar ba, sai ta rushe a 1573.

Har a sabuwar majami'ar Bitrus an yi ja-in-ja. Baramante ya zana ta a 1506 bisa siffar Girka, Mikelanjelo ma haka ya bi. Amma shugabannin coci suka ga ba za ta ishi taro ba, saboda haka daga 1607 Maderno ya tsawaita ƙafar. An sami fili, an yi hasarar kyan gani, gama wanda ya matso kusa da ƙofar sai gaban ginin ya tare masa ƙubbar.

Wadda ta fi burge ni, duk da haka, a nahiyarmu take. A Lalibela ta ƙasar Habasha akwai majami'u 11 da ake danganta su ga Sarki Lalibela, wanda ya yi mulki tsakanin ƙarshen ƙarni na 12 da farkon na 13. Ta Giyorgis ba tubali ko guda a jikinta. Masassaƙa sun haƙa rami kewaye da dutse, suka bar gicciye mai hannuwa daidai a tsakiya, tsayinsa kamar mita 12, sa'an nan suka rarake cikinsa, suka fitar da ƙofofi da tagogi. Daga sama suka soma suka gangara ƙasa, kuskuren sara kuwa ba shi da gyara. Rufinta yana daidai da doron ƙasa, don haka mai ziyara yakan ga gicciyen sarai tun yana tsaye a bakin ramin, kafin ya bi ta wani siririn lungu ya sauka.