Idan Waya Ta Goya Kwamfuta

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

MAI GABATARWA: 

A ɗakunan kwanan ɗalibai, daga Samaru ta Zariya har Jami'ar Bayero a Kano, akwai wani roƙo da ya kusa maye gurbin "ara min biro". Za ka ji ana cewa, "Don Allah ɗan kunna min hosfot, minti biyu kawai." Kowa kuma ya san minti biyun nan ba ya ƙarewa. Yau a kan wannan za mu tsaya: yadda wayar hannu ke ba kwamfutar tafi-da-gidanka intanet, da abin da goyon ke jawo wa wayar da aljihun mai ita.

Masu ɗan shekaru ba su manta ba. Layukan salula sun shigo Najeriya a watan Agustan 2001, amma mai son aika imel sai ya tafi kafe, ya yanki tikitin awa guda, ya zauna yana kallon shafi na buɗewa kamar tafiyar hawainiya. Daga baya aka kawo ɗan ƙaramin modem mai kama da filashi, a sa masa sim a soka shi a gefen kwamfuta. Da yawansu a kulle suke da layin kamfani ɗaya, sai mai gyara ya buɗe. A 2010 manhajar Android ta zo da hosfot a cikinta, iPhone ta samu nata a 2011. Daga nan modem ya fara komawa ƙasan durowa.

(Ɗan kiɗa)

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Waya ce ke magana da turken sadarwa, ta karɓo intanet ta miƙa wa kwamfuta, ko dai ta iska, wato Wi-Fi, ko ta igiyar caji. Akwai kuma Bluetooth, sai dai sanyin jikinsa ya sa ba a cika waiwayarsa ba. Ni dai da za a tambaye ni, igiya zan zaɓa. Haɗin ba ya yawan yankewa, babu wanda zai lallaɓo ya hau, kuma kwamfutar na ɗan ɗura wa wayar caji tana aiki. A garin da wuta sai ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mutum zai sayi datar da ke kai shi sati a waya, ya haɗa da kwamfuta, kafin la'asar saƙo ya shigo cewa ta ƙare. Sai ya hau zagin kamfani. Sau da yawa ɓarawon na cikin gida. Ita Windows, da ta ga Wi-Fi, ɗauka take irin na ofis ne wanda ba a aunawa. Ba sallama ba neman izini, sai ta shiga sauko da sabunta manhajoji, OneDrive ko Google Drive su kama kwashe hotuna, YouTube kuma ya ga babban allo ya turo bidiyo mafi kyau. Awa guda na irin wannan bidiyo kan lashe fiye da giga ɗaya. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ɓarna ta daina zama abin dariya.

Maganin yana cikin saitin Wi-Fi na kwamfutar. Ku nemi inda aka rubuta Metered connection, ku kunna. Kun gaya mata ke nan cewa wannan intanet na awo ne, ta ci da lissafi. Yawancin wayoyin Android ma suna nuna na'urori nawa ne ke haɗe da ku. Idan kun ga uku alhali kwamfutarku ɗaya, to maƙwabci na shan romo. A canza kalmar sirri. Ba ta gaza haruffa 8, kuma don Allah kar a sa 12345678.

Sai zafi. Wayar da ke karɓa tana rabawa aiki biyu take yi a lokaci guda. A Afrilu, lokacin da Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, aza ta kan katifa tana caji tana hosfot hanya ce mafi sauri zuwa kasuwar waya ta Farm Centre neman sabon batiri. A cire mata riga, a ɗora ta kan tebur kusa da taga. Can iska ta fi, sabis ma ya fi kamawa.

Abu ɗaya ne saiti ba ya gyarawa: waya ba ta ba da abin da ba ta samu ba. A ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, mutane a Najeriya da Gana sun yi ta kashe hosfot suna kunnawa, suna zaton laifin wayarsu ne.

Bayan wannan ɗan kiɗa, za mu buɗe layi. Ku kira ku faɗa mana giga nawa kwamfuta ta taɓa cinye muku a zama ɗaya.

(Kiɗa)