Agogon masu nutso a ƙasar da ba teku: Abin da ya kamata ɗan ci-rani ya sani kafin ya zuba kuɗinsa

Daga Birnin Ƙonni zuwa gaɓar teku tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita, kuma manyan ruwayen da ke kusa su ne madatsun Mozage da Zongo da ke shayar da gonakin rani. Duk da haka, cikin kayan ƙawa da ke jan hankalin matasa, musamman 'yan ci-ranin jihar Tawa, har da agogon da aka ƙera domin masu nutso a teku.

Irin wannan agogo ya samo asali a 1953, lokacin da kamfanin Blancpain ya fito da Fifty Fathoms, Rolex kuma ya ƙera Submariner. Seiko na Japan ya bi sahu a 1965. Submariner na yau yana jure zurfin mita 300, kuma farashin sabo ya haura Yuro 9,000, wato kusan sefa miliyan 6. Ga matashin da ya sha wahalar Abijan ko Libiya, wannan gumin shekaru ne.

Ba batir a cikinsa. Sifirin ne ke tuƙa ƙananan haƙora, motsin hannun mai shi kuma ke ɗaure sifirin ɗin. Idan aka ajiye sabon Submariner, zai yi kusan awa 70 kafin ya tsaya. Tsayawar ba lalacewa ba ce, wani kawai yake buƙata.

A Ƙonni, Malbaza da Illela, babban abokin gabansa ƙura ce. Hazon hunturu yana shiga ko'ina, ga kuma ƙurar manyan motocin da ke jigila a kan hanyar Yamai zuwa Maraɗi da masana'antar siminti ta Malbaza. Sa'ar da aka yi ita ce, zobban robar da ke hana ruwa shiga su ne ke tare ƙura. Sai dai zafin bazara, da kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, da gumi da turare, suna busar da robar sannu a hankali. Shi ya sa kamfanoni irin su Omega ke ba da shawarar a gwada ƙarfin jure ruwa sau ɗaya a shekara.

Kuskuren da ya fi sauƙin faruwa yana wajen maɓallin wani da ke gefe. Murɗa shi ake yi kamar noti har ya zauna. Wanda ya gyara lokaci ya manta bai murɗe ba, ya je ya yi alwala, ya buɗe wa ruwa ƙofa da kansa. Da zarar an ga raɓa a cikin gilashi, to tsatsa na tafe, kuma shanya shi a rana ba magani ba ne.

Akwai kuma maganaɗisu. Ajiye agogon kan lasifika ko kusa da wasu na'urori na iya sa shi gudu fiye da kima. Rolex na cewa agogonsa bai kamata ya wuce ko ya gaza da fiye da daƙiƙa 2 a rana ba, don haka wanda ya ga nasa yana tsere da mintoci ya san da matsala.

Inda gizo ke saƙa shi ne gyara. Rolex na ba da shawarar a yi wa agogon cikakken sabis kusan duk shekara 10: a warware injin, a wanke, a sa sabon mai, a sauya roba, a gwada shi da na'urar matsi. Mai gyaran agogo na bakin kasuwa ya iya aikinsa a kan agogon batir da Seiko 5 na iyayenmu, amma buɗe agogon miliyoyi a sararin da ƙura ke tashi, ba tare da na'urar gwaji ba, kasada ce. Sassan da ba na asali ba kuma suna karya darajarsa ranar sayarwa. Mafita ita ce kai shi wurin dillalin da kamfanin ya amince da shi, kamar Polo a Legas, ko a tafi da shi Turai ko Dubai, kuma kuɗin na iya kai dubban ɗaruruwan sefa.

Kafin duk wannan, sai an tabbatar na gaske ne. Jabun yanzu suna ruɗar ido, nauyi da ƙyalli ba hujja ba ne. A nemi katin garanti da rasit, a duba lambar da ke jikin agogon ta dace da ta kati, kuma ƙwararre ya gani kafin kuɗi su sauya hannu. Arha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Wanda ƙarfinsa bai kai ba, Seiko, Orient da Citizen na da agogon nutso masu inganci a farashi mai sauƙi. Wanda kuma ya riga ya saya, ya riƙa wanke sarƙar da ruwa mai tsabta da burushi mai laushi, ya tabbatar maɓalli a murɗe yake, ya ɓoye takardunsa kamar takardar fili, sannan ya fara ware kuɗin sabis tun yanzu.