Kada ciwon hannu ya kayar da mu a jarrabawa



Duk ƙarshen zangon karatu, idan muna zagaya cibiyoyin yaƙi da jahilci, muna ganin abu guda. Mutum ya san amsa sarai, amma kafin ya kai rabin takarda babban yatsansa ya ɗau zafi, hannu ya ƙage, ya ajiye bik. Wasu har su ce: "Hannuna ba na rubutu ba ne." Ba haka ba ne. Laifin yana ga riƙo.

Daga ina ciwon yake zuwa?

Hannun da ya saba da hauya ko taɓarya ya saba da damƙa da ƙarfi. Idan ya kama bik, sai ya damƙe shi kamar ƙotar hauya. Amma a noma hannu yana damƙa yana saki, a rubutu kuwa mai koyo ba ya saki. Naman da ke gindin babban yatsa da na damtse, idan suka daɗe a matse, jini ba ya ratsa su yadda ya kamata. Sai gajiya ta zo, zafi ya biyo baya.

Ga alamu biyu. Idan farcen manuni ya yi fari lokacin rubutu, riƙon ya yi tsanani. Idan sawun rubutu ya fito a shafi na gaba na kaye, dannawa ta yi yawa.

Kafin ranar jarrabawa

1. Mu riƙe bik da yatsu 3: babban yatsa, manuni da na tsakiya. Mu bar faɗin yatsa guda tsakanin riƙo da bakin bik. Riƙon ya zama sako-sako, yadda wani zai iya zare bik ɗin ba da wahala ba.
2. Idan bik ya yi siriri, mu naɗa masa ƙyalle a wurin riƙo. Abu mai kauri ba ya bukatar matsi.
3. Mu saba wa hannu tun da wuri: minti 10 kowace rana a makon farko, minti 20 a na biyu, minti 30 a na uku. Ba ranar tafiya ake koya wa jaki kaya ba.
4. Mu tanadi bik 2 waɗanda muka riga muka gwada. Wanda tawadarsa ba ta fita sosai, shi ke sa dannawa.

Ranar jarrabawa

1. Damtse ya kwanta bisa tebur, wuyan hannu a miƙe. Mai zama bisa tabarma ya sa allo ƙarƙashin takarda.
2. Bayan kowane minti 15 ko 20, mu ajiye bik, mu buɗe yatsu mu rufe sau 10, mu girgiza hannu. Wannan bai kai minti guda ba.
3. Lokacin karanta tambaya ko tunanin amsa, bik ya kasance a ajiye.

Mu gaya wa ƴaƴanmu na lakol wannan. Masu BEPC da BAC suna yin kwanaki suna rubutu, wata takarda ma awa 3 ko 4.

Yaushe za a ga likita?

Gajiyar rubutu tana wucewa da hutu da jiƙa hannu cikin ruwan ɗumi. Amma idan gindin babban yatsa ya kumbura, ko yatsu suna mutuwa da dare har su tashe mu daga barci, ko ciwon ya wuce mako 2, sai mu tafi asibiti. Kada a yi tsaga, kada a sayi ƙwayoyi wajen masu talla.

Malaman cibiyoyi, ku duba riƙon ɗalibanku tun ranar farko, domin gyara ya fi sauƙi kafin hannu ya saba. Allah ya ba kowa sa'a.