Littattafai Biyu da Ƙungiyar Ƙwallon Ƙauye Take Buƙata

Daga Dudunni a ƙaramar hukumar Kusada har zuwa cikin garin Kankiya, da wuya ka sami gari mai makarantar firamare wanda ba shi da ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Da an idar da sallar La'asar filin makaranta ya cika, kuma ranar da za a kara da maƙwabta, har dattawan da ke cewa ƙwallo ɓata lokaci ce sukan tambayi wa ya ci. Sai dai ƙungiyoyin ba su cika yin tsawon rai ba. Wadda ake ji da ita bana, baɗi sai ka tarar ta rabu gida biyu, ko ta sake suna, ko rigunanta sun koma na zuwa gona. In ka bi diddigi, yawanci a kan kuɗi aka ɓata: wa ya karɓa, nawa ne, ina aka kai su.

Ƙungiya komai ƙanƙantarta tana cin kuɗi. Akwai ƙwallaye da riguna da raga, akwai hayar mota in za a je wasa wani gari, akwai ladan alƙalin wasa da kuɗin shiga gasa da ruwan sha, ga kuma yaron da zai karye a kai shi wurin mai ɗori ko asibiti. Hanyar da aka saba bi wajen biyan waɗannan ita ce a jingina da mutum guda. Ko dai ɗan siyasa ya sa kofi ya raba riguna masu hotonsa gab da zaɓe, ko wani ɗan kasuwa ya ɗauki nauyi har ranar da ya gaji, ko kuma mai horarwa ya riƙa ciro na aljihunsa, shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ne mai zaɓen wanda zai buga. Ranar da wannan mutum ya faɗi zaɓe, ko ya yi fushi, ko ya koma Abuja, ƙungiya ta bi shi.

Manyan ƙungiyoyinmu ma ba su tsira daga gajeren rai ba. Raccah Rovers ta Kano ta ci kofin lig na Nijeriya a 1978, a shekarar ce kuma ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pele na cikin fili. Yau sai dai a ba da labarinta. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofi ta Afirka a 1988, ta ɗauki kofin WAFU a 1989, daga baya ta shafe shekaru a ƙananan rukunai. Kano Pillars, mai kofunan lig na 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da Katsina United da ke wasa a filin Muhammadu Dikko, duk gwamnatocin jihohinsu ke riƙe da su. Ƙungiyar Dudunni ko ta Yashe ba ta da gwamna a bayanta. Abin da take da shi mutanen gari ne, su kuwa mutane ba sa ci gaba da zuba kuɗi a inda ba a gaya musu yadda aka kashe na jiya ba. Shi ya sa nake ganin kafin a sayi sababbin riguna, a fara sayen littattafai biyu.

Na farko littafin kuɗi ne. Al'adar ba baƙuwa ba ce a wurinmu: uwar adashi ta san wanda ya zuba da wanda zai kwasa, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Abin da ake buƙata shi ne a raba aiki. Mai horarwa ya tsaya a fili, kada ya taɓa kuɗi. Ma'aji ya karɓa ya ajiye, sakatare ya rubuta, shugaba ya amince, kuma kada a cire ko kwabo sai biyu daga cikin ukun nan sun sa hannu. A ƙarshen kowane wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban 'yan wasa, a ɗauki hoton shafin a sa a zauren WhatsApp na ƙungiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zargi ba ya samun wurin zama a inda kowa ya ga lissafi.

Daga ina kuɗin za su fito? Mu ɗauki misali. In mutum 200 daga 'yan gari, na gida da waɗanda ke ci-rani a Kano ko Legas, suka amince su riƙa ba da Naira 500 a wata, an sami Naira 100,000 ke nan duk wata, miliyan 1.2 a shekara. Manomin da kuɗi ke yi wa wuya da damina sai a bar shi ya ba da tiyar gero ko ta wake da kaka. Tiya 200 ta kai kimanin buhu 5. Samarin da ke iya gudun minti 90 za su iya noma gonar ƙungiya ta hanyar gayya. Gidan kallon ƙwallo, inda matasanmu ke biya su kalli wasannin Ingila da Sifen, babu abin da ya hana ya zama mallakar ƙungiya, a haɗa shi da cajin waya. Masu gidan dambe kuwa sun daɗe da koya mana cewa in an kewaye fili aka sa mutum a ƙofa, jama'a za su biya su shiga, muddin wasan ya kai a kalla.

Ba na cewa a ƙi kyautar mai hali ko ta ɗan siyasa. A karɓa, a gode, a rubuta ta a littafi, amma kada ta zama dalilin sake wa ƙungiya suna ko tsige shugabanninta, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Jamus, tun 1998 akwai ƙa'idar da ta tanadi cewa rinjayen ƙuri'a a ƙungiya ya zauna a hannun mambobinta, ko da mai zuba jari ya kawo dukiya mai yawa. A nan gida, dokar kamfanoni ta 2020 ta ba ƙungiyoyin wasanni damar yin rajista da hukumar CAC a ƙarƙashin amintattu. Da wannan takarda ƙungiya za ta buɗe asusun banki da sunanta, ta mallaki kadara, ta kuma ci gaba da wanzuwa ko da waɗanda suka kafa ta sun kau. Haka nan izinin amfani da filin makaranta, gara ya zama a rubuce, da sanin maigari, maimakon alkawarin baki na shugaban makarantar da gobe za a iya canza masa wurin aiki.

Littafi na biyu shi ne na 'yan wasa, kuma shi aka fi yin sakaci da shi, alhali a cikinsa dukiya mafi girma take. A dokokin FIFA, duk lokacin da aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka raine shi ne tsakanin shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kuma rabin kashi ɗaya. Ke nan ƙungiyar da ta riƙe yaro shekaru huɗun farko tana da kashi 1 cikin 100. In wata rana aka saye shi a kan Yuro miliyan 2, haƙƙinta Yuro 20,000 ne, kuma in an sake sayar da shi za ta sake samu. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a birnin Paris da ke tattara waɗannan kuɗi ya tura wa masu su. Sharaɗin dai shi ne ƙungiya ta kasance tana da rajista da hukumar ƙwallo, sunan yaron da shekarun da ya yi a wurinta suna cikin kundin hukuma, tana kuma da asusun banki nata na kanta.

Kada a ce wannan mafarki ne. Ahmed Musa daga wata makarantar ƙwallo ta Jos ya taso, ya zo Kano Pillars, ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010, sannan CSKA Moscow, sannan Leicester a 2016. Sadio Mane daga ƙauyen Bambali na Senegal ya fito, ya bi ta makarantar Génération Foot zuwa Metz ta Faransa. Kowane ɗayansu ya taɓa zama yaron da ke buga ƙwallo a turɓaya. Ƙungiyar da ba ta rubuta sunan yaronta ba, ranar da dillali ya zo ya tafi da shi, ba ta da hujja ko a gaban maigari, balle a gaban FIFA. Saboda haka a rubuta cikakken suna da ranar haihuwa ta gaskiya, a haɗa da takardar haihuwa da hoto da sa hannun mahaifi, a kai ofishin hukumar ƙwallo ta jiha. Rage shekaru, wanda wasu ke ɗauka dabara ce, shi ke rusa wannan haƙƙi, domin takardun sai su ƙi haɗuwa. Iyaye kuma su sani, FIFA ta hana kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa don wasa, in ban da 'yan dalilai ƙalilan. Duk wanda ya zo yana neman a sayar da gona a ba shi kuɗin biza, a yi hattara da shi.

Gaskiya ne mafi yawan yaran nan ba za su ga Turai ba, da yawa ma ba za su kai Katsina United ba. Amma littafin zai amfane su tun a gida: da shi za a san wanda ya cancanci a biya masa magani in ya ji rauni, da shi za a hana hayo 'yan wasa daga wani gari ranar gasa, abin da ya sha jawo faɗa tsakanin ƙauyuka.

Kirana ga ɗalibanmu ne musamman, masu karanta lissafin kuɗi da shari'a da harkokin mulki a jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma da Kano da Zariya. In kun koma gida hutu, ku zauna da ƙungiyar garinku yini biyu: ku rubuta mata tsarin mulki mai shafi uku da Hausa, ku ja wa ma'aji layi a littafi, ku cike wa yara takardun rajista. Kuɗin littattafan biyu bai kai na ƙwallo guda ba. Allah Ya sa mu dace.