Idan haɗari ya auku: abin da ya kamata a fara yi wa mai rauni

Ranar kasuwa a Magarya ko Dungas, hanyoyi cike suke da motoci, da babura, da amalanken shanu. Daga Bande, da Wacha, da Malawa, da Dogo-Dogo, kowa na saurin isa da kayansa. A irin wannan rana haɗari yakan auku. A ƙauye kuma, wani ya faɗo daga bisa itace, wani ya rufta rijiya, wani injin niƙa ya kama masa hannu.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa mutum kusan miliyan 1 da dubu 200 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Daga Magarya zuwa babban asibitin Damagaram tafiyar wajen kilomita 90 ce. Saboda haka, kafin likita ya ga mai rauni, ransa yana hannun Allah, yana kuma hannun waɗanda suka fara isa gare shi.

Da farko, a tsayar da jini. Jikin babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5 kawai. A sami tsumma mai tsabta, ko rawani, ko kallabi, a danne bakin raunin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana dubawa. Idan jinin hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a murɗa da ɗan itace har jinin ya tsaya. A riƙe lokacin da aka ɗaure, don a faɗa wa likita. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko garin batir. Idan ƙarfe ko itace ya soke shi, kada a zare.

Na biyu, numfashi. A yi masa magana. Idan ya amsa, maƙogwaronsa a buɗe yake. Idan ya suma, harshe ko jini ko amai na iya toshe masa hanyar iska, kuma mintoci kaɗan sun isa su lalata ƙwaƙwalwa. A share masa baki. Idan yana numfashi, a juya shi bisa gefensa a hankali, kai da jiki tare.

Na uku, wuya da gadon baya. Wanda aka ɗauka da hannu da ƙafa kamar buhun hatsi yana iya shanyewa har abada. Mutum ɗaya ya riƙe kansa, uku ko huɗu su ɗora shi bisa ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako.

Kada a ba shi ruwa ko fura, ko da ya roƙa, domin yana iya shaƙewa, kuma wataƙila za a yi masa aiki. Kada a kwara masa ruwa don ya farfaɗo. A lulluɓe shi da zane, domin sanyi yana hana jini daskarewa.

Daga nan sai gidan likita mafi kusa, ba gidan maɗori ba. Karaya tana iya jira, amma jinin da ke zuba a cikin ciki ba ya jira. A can ma'aikata za su duba hanyar iska, da numfashi, da gudun jini, da hankalinsa, sannan sauran jiki. Akwai allurar rage zubar jini da ke amfani idan an yi ta cikin awa 3 na farko. Idan aka nemi jini, ƴan uwa kada su ja da baya.

Jama'a, mu karanta wa maƙwabta wannan bayani, musamman direbobi da ƴan kabu-kabu. Mai babur kuma ya sa hular kwano, domin rigakafi ya fi magani.