Ido Ba Mudu Ba Ne: Abin Da Gwajin Ƙasa Da Jini Ya Koya Mana Game Da Gubar Dalma

A watan Afrilun 2025 sunan Bungudu ya shiga kafafen labarai a kan abin da babu mai son a ambaci garinsu da shi, wato rahoton ɓullar gubar dalma a ƙaramar hukumar. Ministan Ma'adanai, Dele Alake, ya umarci masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba da su tattara nasu ya nasu su bar ramukan. Wannan ya zo ne wata huɗu kacal bayan Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adanai a Zamfara, wanda ta sanya tun watan Afrilun 2019.

Mu da shekarunmu ke zagaye da ashirin a yau, sa'o'inmu ne yaran da wannan guba ta kashe a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. An ƙiyasta cewa yara kusan 400 ne suka rasu. Da suna raye, da wasunsu na zaune tare da mu a aji. Waɗanda suka tsira kuwa, sun tsira ne saboda an samu mutanen da suka iya auna dutse da ƙasa da jini, suka iya karanta alƙaluman da awon ya ba su, sannan suka yi lissafi a kansu. Wannan aiki shi ne ƙashin bayan fannin da ake kira kimiyyar kayan ƙira, wato nazarin abin da ke cikin ƙarfe da dutse da ƙasa da siminti, da yadda kowannensu ke sauyawa idan aka niƙa shi, aka ƙona shi ko aka jiƙa shi. Ya kamata mu ɗalibai mu san yadda aikin ya gudana, tunda matsalar ta iso ƙofar gidanmu.

Yadda aka gano

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suna zagayen sa ido a kan sanƙarau, sai suka tarar da ƙauyukan da ƙananan yara ke ta mutuwa. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya shiɗe. A ido, abin ya yi kama da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau, amma maganin waɗannan cututtuka bai yi aiki ba. Sai da aka aika da jinin wasu yaran ɗakin gwaji a Turai kafin aka tabbatar dalma ce.

A watan Mayu tawagar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tare da jami'an lafiya na Najeriya, suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. A cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Daga cikin yara 204 da aka gwada jininsu, babu ko ɗaya da ba ya ɗauke da gubar. An kuma gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na gidajen suna sarrafa dutsen zinare a cikin gida: a fasa shi, a daka, a wanke, a shanya a tsakar gidan da yara ke rarrafe.

Lokacin da na'ura ta kai iyakarta

Ana auna dalmar jini da maikirogiram a kowace desilita. Maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuma kashi ɗaya cikin goma na lita. A wancan lokaci idan yaro ya kai 10 ana ɗaukar cewa akwai matsala, idan ya kai 45 sai a ba shi maganin da ke fitar da dalma daga jiki.

Na'urar tafi-da-gidanka da aka yi aiki da ita, LeadCare II, ba ta iya karanta abin da ya haura 65. Daga nan sai dai ta nuna cewa ya yi yawa. Yawancin yaran sun wuce wannan iyaka. Ke nan yaron da ke da 70 da wanda ke da 300 duk amsa ɗaya na'urar za ta ba su, alhali na biyun yana bakin mutuwa. Da wani ya rubuta 65 a gaban sunan kowane yaro ya fitar da matsakaici, da ya samu adadin da ya yi ƙasa da gaskiya nesa ba kusa ba.

Abin da masu binciken suka yi shi ne sirka jinin yaron da wani jinin da aka tabbatar dalmarsa ba ta taka kara ta karya ba, a bisa awo sananne, a gwada, sannan a yi lissafi a koma ga adadin asali. Sun kuma gwama sakamakon da na babban ɗakin gwaji domin su ga ko dabarar ta tsaya daidai. Darasin farko ke nan: kowace na'ura tana da iyaka, kuma duk wanda zai karanta alƙalumanta dole ya san inda iyakar take.

Na'urar da ke karanta ƙasa

Domin auna ƙasa, masana daga kamfanin TerraGraphics na jihar Idaho da cibiyar Blacksmith sun zo da na'urar hannu mai suna XRF. Ana ɗora bakinta a ƙasa, ta harba hasken eksire irin na hoton ƙashi. Hasken yana taɓa ƙwayoyin zarra na abin da ke wurin, kowane sinadari kuma ya mayar da nasa hasken mai ƙarfi na daban, kamar yadda kowa ke da zanen yatsunsa. Cikin ɗan lokaci na'urar za ta faɗi yawan dalmar da ke wurin a ma'aunin ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan.

Hukumar kare muhalli ta Amurka a lokacin ta sanya 400 a matsayin iyakar wurin wasan yara. A wasu wurare a ƙauyukan Zamfara an samu sama da 100,000, wato fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasar dalma ce.

Amma awo ɗaya ba ya wakiltar gida. Bari mu ɗauki misali na lissafi. A ce an auna wuri goma a tsakar gida, tara suka ba da 300, ɗaya kuma, gindin turmin da ake dakan dutse, ya ba da 20,000. Idan muka tara muka raba goma za mu samu 2,270, sai a ɗauka duk gidan ne ya gurɓace daidai wa daida. Idan kuma muka jera su muka ɗauki na tsakiya za mu samu 300, sai a ce gidan lafiya lau. Duka biyun sun ɓoye wurin da yaro zai zauna ya sa hannu a baki. Shi ya sa mai bincike ke zana taswirar gida ya rubuta kowane awo a inda aka ɗauke shi. Haka kuma danshi da girman tsakuwa suna shafar karatun XRF, don haka ƙa'idar aikin ita ce a aika da wani kaso na samfuran babban ɗakin gwaji, a gwama amsoshin biyu, a gyara idan sun saɓa.

Dalma iri-iri ce

Akwai wata tambaya da yawan dalma kaɗai bai amsa ba: me ya sa ta yi kisa haka? Ana haƙar dalma a wurare da dama a duniya ba tare da an ga mace-mace irin wannan ba.

Masana daga hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ƙarƙashin jagorancin Geoffrey Plumlee, sun wallafa nasu sakamakon a 2013. Asalin dalmar da ke cikin irin wannan dutse ana kiranta galena, wato dalma haɗe da farar wuta, baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙa wani nau'in kwalli da shi. Galena ba ta saurin narkewa a cikin mutum. Amma a Zamfara iska da ruwa sun daɗe suna cin dutsen tun kafin a haƙo shi, har suka mayar da kaso mai yawa na dalmar zuwa wasu nau'o'i, kamar kabonet, masu narkewa da sauri. Masanan sun haɗa ruwa mai tsami irin na cikin ɗan Adam, suka zuba garin dutsen, suka auna abin da ya narke, suka tarar mai yawa ne ƙwarai.

Sai kuma niƙa. Da injin niƙan hatsi ake mayar da dutsen gari. Duk lokacin da aka ƙara farfasa abu, fuskar da ruwa zai taɓa tana ƙaruwa, kamar yadda garin kanwa ke riga ungurnu narkewa. Garin ya zama ƙura, ta manne a hannu da tufafi da abinci. Babbar hanyar da ta bi ta shiga jikin yara ita ce baki.

Lissafin da ke hango jinin yaro

A nan ne tsarin hasashe ke shigowa. Tsarin hasashe lissafi ne da ke kwaikwayon abin da ke faruwa a zahiri, domin a hango sakamako kafin ya auku. Mafi sauƙinsa a nan shi ne: yawan ƙasar da yaro ke haɗiya a rana, sau yawan dalmar da ke cikinta, sau kason da hanjinsa ke tsotsa.

A ce yaro na haɗiyar kashi ɗaya cikin goma na giram na ƙasa a rana. A ƙasa mai 400, ya haɗiyi maikirogiram 40 na dalma. A ƙasa mai 10,000, ya haɗiyi 1,000. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce jikin ƙaramin yaro na tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa. Da wannan ɗan lissafi za a gane dalilin da ya sa uban da ke ramin haƙa ke yawo da ƙafarsa, ɗansa mai rarrafe kuma yana kwance.

Akwai cikakken tsari irin wannan mai suna IEUBK da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 1994. Sai dai an gina shi ne a kan bayanan yaran Amurka, kuma an tsara shi domin adadin da bai wuce 30 a jini ba. Yaron da ke zaune a daɓen ƙasa, yana cin tuwo da hannu a cikin ƙurar hunturu, rayuwarsa daban ce. Darasi na gaba ke nan: kafin mu yarda da tsarin hasashe, mu tambayi inda aka gina shi da iyakar da aka gwada shi, sannan mu auna shi da alƙaluman wurinmu.

Abin da alƙaluman suka sa aka yi

Alƙaluman sun nuna cewa ba wa yaro magani a mayar da shi gidan da ke cike da dalma zuba ruwa ne a rariya. Don haka aka tsara aiki: a fara tsabtace gida, sannan a ba da maganin succimer. Mutanen ƙauyukan da kansu, da fartanya da shebur da buhu, suka kankare saman ƙasa, aka binne ta a ramuka na musamman, aka kawo tsabtatacciya aka shimfiɗa. Ana auna wuri da XRF kafin kankarewa da bayanta.

An gama ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun yi gangami a intanet har gwamnati ta saki kuɗin aikin. Gaba ɗaya an kwashe sama da kubik mita 27,000 na gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje 820 da wuraren sarrafa dutse a ƙauyuka takwas. Idan tifa ɗaya na ɗaukar kubik mita 10, lodi 2,700 ke nan. Matsakaicin dalmar jinin yaran ya sauko daga 149 zuwa 15 a cikin shekara huɗu.

Duk da haka, a 2015 gubar ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Yanzu kuma ga sunan Bungudu.

Abin da ya rage gare mu

Kusan duk awon da muka ambata, baƙi ne suka zo da na'urorinsa, suka kuma tafi da ƙwarewar. A 2010 babu Jami'ar Tarayya ta Gusau, sai a 2013 aka kafa ta. Yau muna da ita, ga kwalejojin fasaha a Ƙaura Namoda da Talatar Mafara. Kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, alhali ƙasar tsakar gidajenmu da ruwan rijiyoyinmu da injinan niƙan unguwanninmu suna jiran mai aunawa.

Wanda zai shiga wannan aiki, ko a sakandare yake, zai iya fara koyon ladubbansa tun daga ɗakin gwajin makaranta. Ya maimaita awo aƙalla sau uku. Ya rubuta abin da ya gani, ko da ya saɓa wa na littafi. Kada ya goge adadin da ya fita daban da sauran sai ya binciki dalilinsa, domin a Dareta irin wannan adadi ne ke nuna gindin turmi. Kada kuma ya cike gurbin jadawali da alƙaluman ƙirƙira don ya burge malami, domin wata rana a kan jadawalinsa za a yanke shawarar gidan da za a fara tsabtacewa.

Ga 'yan uwanmu matasa da ke zuwa ramukan zinare a yankin Bungudu da Tsafe da Maru, binciken ya riga ya ba da amsa: kada a kawo dutse gida, kada a niƙa shi a injin hatsi ko turmin abinci, a yi wanka a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro. Ga hukumomi kuma, roƙonmu shi ne a auna ƙasar ƙauyukan Bungudu da jinin yaransu, a bayyana sakamakon da Hausa, ƙauye-ƙauye, yadda uwa za ta san ko tsakar gidanta ta dace ɗanta ya yi rarrafe a kai.