Wankin kafet: Abin da ya kamata a sani kafin sayen injin dirzawa

Duk wanda ya shiga babban masallaci ko ɗakin taron wata ma'aikata a ƙarshen hunturu ya san yadda kafet yake komawa. Launinsa ya dushe, gashinsa ya kwanta a inda ƙafa ta fi bi, idan aka buga shi da tafin hannu sai ƙura ta tashi. Shi ya sa wankin kafet ya zama sana'ar da ake ci da ita a birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, har wasu ma'aikata suna hangen ta a matsayin madogara bayan ritaya.

Sai dai akasarin masu zuba jari a harkar hankalinsu yakan tafi ne ga injin da ke fesa ruwa ya zuƙe, su manta da na'urar da ke dirzar kafet kafin a ɗauraye shi. Alhali ita ce take bambanta aikin ƙwararre da na ɗan koyo, ita ce kuma take iya lalata kayan mutane a jawo wa kai biyan diyya.

A shekarar 1959 wani masanin kimiyyar sinadarai na kamfanin Henkel da ke Jamus, mai suna Herbert Sinner, ya bayyana cewa kowane irin wanki ya dogara ne a kan abubuwa huɗu: sinadari, da zafi, da lokaci, da cuɗawa. Idan ɗaya ya ragu, dole sauran su ƙaru kafin a samu tsafta. Matan gida sun san wannan tun kafin a rubuta shi, domin rigar da aka jiƙa ta kwana ba ta shan cuɗa irin ta wadda aka tsoma yanzu.

Amfanin wannan ƙa'ida ga mai sana'a a ƙasarmu a fili yake. Dafa ruwa da lantarki yana cin wuta mai yawa, sinadarai masu kyau kuma daga waje ake shigo da yawancinsu. Wanda ba shi da na'urar dirzawa ta kirki, sai ka iske yana cike giɓin da zabga omo da kwarara ruwa. Sabulun da ya saura a jikin zare yana da danƙo, don haka kafet ɗin zai sake kama datti cikin 'yan makonni. Ruwan da ya ratsa har ƙasa kuma yakan kawo wari, a wasu kafet ɗin ma ya fito da wani jan dafi a saman gashin.

Tun kafin a zo maganar inji, akwai matakin da ba a tsallakewa. Mafi yawan dattin da ke cikin kafet busasshe ne, wato ƙura da rairayi da gashi. Idan ba a zuƙe shi da injin zuƙar ƙura ba aka zuba ruwa, taɓo aka kwaɓa, kuma babu burushin da zai gyara wannan kuskure.

A fara da sanin kafet ɗin

Tambayar farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce: wane irin kafet zan fi wankewa? Na ofisoshi da bankuna da otal-otal galibi gajeren gashi gare shi, an manne shi da ƙasa, yana jure dirza. Na falon gida yakan zo da dogon gashi mai laushi wanda aka yanke bakinsa, kuma kowane sili murɗaɗɗe ne. Da zarar burushi mai kaushi ya warware wannan murɗa, wurin zai yi buzu-buzu, ba ya kuma komawa yadda yake har abada. Akwai kuma mai saƙar madauki, wanda idan inji ya kama sili ɗaya zai iya zare layi guda.

Irin zaren ma abin dubawa ne. Yawancin kafet masu sauƙin kuɗi da ke kasuwanninmu da zaren roba ake yin su, musamman wanda ake kira folifurofilin. Yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 160 zuwa 170 a ma'aunin Salshiyos ba, alhali nailan sai ya haura 200. Burushin da aka bari yana juyawa a wuri ɗaya a kan busasshen kafet irin wannan yana iya barin tabon ƙuna mai sheƙi. Ulu kuwa, wato gashin tumaki, ba ya son sinadari mai kaifi irin na kanwa, kuma idan danshi da zafi da dirza suka haɗu a kansa sai ya dunƙule.

Gane su ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A tsinko sili ɗaya daga gefe a kusanta shi da wutar ashana. Ulu zai yi ƙaurin gashi ya koma toka mai murmushewa, zaren roba kuma zai narke ya zama ɗan dunƙule mai tauri. Folifurofilin yana da wata alamar: idan aka jefa shi a ruwa ba ya nutsewa.

Injinan da ke kasuwa

Mafi araha shi ne burushin hannu mai doguwar ƙota, da manjagarar kafet mai haƙoran roba. Sun isa ga ɗaki ɗaya ko biyu, da lunguna da matakalar bene, kuma ko an sayi inji ba a rabuwa da su. Amma wanda ya karɓi aikin masallacin Juma'a da su kaɗai, ƙarfinsa zai ƙare kafin ya kai sahu na biyar, aikin kuma ba zai yi daidai ba.

Wanda aka fi gani a hannun kamfanonin shara shi ne inji mai faifai ɗaya, wanda ke juyawa kimanin sau 175 a minti, faɗinsa galibi inci 17. Farin jininsa yana da dalili. Yana da ƙarko, gyaransa ba wuya, kuma da an sauya masa faifai zai goge tayil da tarazo. Ga mai ƙaramin jari da ke son karɓar aiki iri-iri, wannan babban abu ne. Matsalarsa ita ce asalinsa don ƙasa mai tauri aka ƙera shi. Nauyinsa yakan kai kilo 40 ko fiye, duk a kan burushin, kuma a kwance yake shafar gashin kafet yana murza shi gefe guda. Tuƙa shi ma sai an koya: a ɗan ɗaga hannunsa ya yi dama, a sauke ya yi hagu. Sabon yaro yana iya kai shi ya daki ƙafar kujera ko gilashin ƙofa. Masu sana'ar sukan fara gurza sabon burushinsa a kan siminti don kaifin bakin ya mutu, kuma ba sa ɗora shi a kan kafet sai an fesa sinadari ya yi santsi.

A ganina, wanda kafet ne ainihin sana'arsa ya fi dacewa ya fara da inji mai burusai biyu masu siffar gora, waɗanda ke juyawa suna fuskantar juna. Maimakon ya danne gashin, ɗago shi yake yi daga tushe, yana tono rairayi da gashin da injin zuƙar ƙura ya bari. Wasu suna zuwa da ɗan tire da ke tara wannan datti. Ba ya fizgar mai tuƙi, bai kai na faifai nauyi ba, don haka hawa bene da shi ba tashin hankali ba ne. Rotowash da Brush Pro suna cikin sunayen da aka sani a wannan fanni. Tsada ce aibinsa, sai kuma burusan da ba a samun su a kowane shago.

Akwai kuma masu faifan da ke karkarwa a ƙananan da'irori maimakon cikakken juyi, da kuma Cimex mai burusai uku, wanda aka fi amfani da shi a manyan zauruka. Waɗannan na wanda ya riga ya samu kwangilar otal ko ta babbar ma'aikata ne. Haka nan kawunan da ke dirza suna feshi suna zuƙa a lokaci guda, irin su Rotovac, ba sa aiki sai da injin zuƙa mai ƙarfi a bayansu.

Kowane aka zaɓa, taurin burushi ya fi ƙarfin moto muhimmanci. A sayi aƙalla iri biyu, mai laushi don ulu da kafet ɗin gida, matsakaici don na ofis. Kada a dogara da launi, domin kowane kamfani da ma'anar da yake ba launukansa. A karanta takardar da ta zo da shi.

Sai batun wuta, wanda nan ne masu sayen na hannu suka fi shiga uku. Wutar Najeriya bolt 230 ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 120 ce da kaɗawa 60. Injin da aka yi don kasuwar Amurka sai da taransifoma, kuma ko da ita, moto irin na injin faifai zai rage gudu da kusan kashi ɗaya cikin shida, yana iya kuma yin zafi. Kayan Turai sun fi dacewa da wutarmu. Sannan moto mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana neman fiye da wat 1,100, a lokacin tashi kuma yakan ja ninkin hakan, saboda haka ƙaramin janareta na kunna fanka da talabijin ba zai tashe shi ba. Kafin a biya kuɗi, a nemi dillali ya nuna burushi da bel na canji a shagonsa, ba a hoton waya ba.

Ranar aiki kuma, bayan an zuƙe ƙura an fesa sinadari an dirza, a bar shi ya jiƙa kamar minti 10 zuwa 15, ba tare da ya bushe ba, sannan a ɗauraye. A taje gashin da manjagara ya fuskanci gefe guda, a buɗe tagogi a kunna fankoki. Kafet ɗin da aka wanke da kyau yakan bushe cikin awa shida zuwa takwas, wanda ya wuce awa 24 da danshi kuwa ya fara neman fumfuna. Shi ya sa a damina, idan masallacin Juma'a ne, gara a wanke tun farkon mako, kada a bari sai daren Alhamis.